Darasi na 17: Iskar Taya

Darasinmu na yau a kan iskar taya ne. Mun san akwai wanda zai ce, "Malam, ni ba ni da mota, ko keke ban ajiye ba. Ina ruwana da taya?" To, ka saurara. Albasar da ka noma a fadamar Goronyo ba da ƙafarta za ta je kasuwa ba. Tafarnuwar Wurno ma haka. Ran da haihuwa ta zo wa iyalinka da gardama, mota za a nemo cikin dare a kai ta asibiti. Babu ɗayanmu da bai taɓa ɗora ransa ko dukiyarsa a kan taya ba.

Tun da aka gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a kan gulbin Rima cikin shekarar 1984, noman rani ya ƙaru a ƙasar nan. Da noma ya ƙaru, sai lodi ya ƙaru. Hanyar da ta taso daga Goronyo ta bi ta Achida zuwa Sakkwato ba ta rabuwa da motocin kaya. Jigilar albasa kuwa ta kan kai har cikin bazara, sa'ad da kwalta ke ƙona ƙafa. Watau lodi mai nauyi da rana mai zafi sun haɗu a lokaci ɗaya. A nan ne taya ke nuna halinta.

Abin da muka gani a hanya

Wata shekara cikin watan Afrilu mun fita zagayen azuzuwan yaƙi da jahilci. Muka shiga wata a-kori-kura da aka laftawa buhunan albasa, mutum huɗu kuma suna zaune a kan lodi. Da azahar muka tsaya Achida don mu yi salla. Direba ya zagaya, ya taɓa tayar baya, ya ji ta yi zafi, ta kuma yi tauri. Sai ya kira yaron motarsa ya ce, "Kai yaro, nemo tsinke ka rage mata iska, kada ta fashe mana a hanya."

Muka ce, "Direba, yaya haka?"

Ya ce, "Malam, ai rana ce ta ƙara mata iska. Kullum da bazara haka na ke yi. Haka maigidana ya koya mini."

Yaro ya danna bawul, iska ta yi ta fita. Muka isa lafiya. Bayan kwana uku muna komowa, sai ga motar nan a gefen hanya. Tayar baya ta yi kaca-kaca, wayoyinta duk a waje. Buhuna sun zube, albasa ta watse cikin rana. Ɗaya daga cikin na kan lodi ya karye a hannu. Direba ya zauna a gindin wata bedi ya rafka tagumi. Da ya gan mu sai ya ce, "Malam, ka gani? Duk da ragewar da na yi sai da ta fashe."

Mutumin nan ba mugu ba ne, ba kuma rago ba ne. Yana kula da motarsa. Abin da aka koya masa ne ba daidai ba. Don mu gane kuskurensa, sai mu fara sanin aikin iska a cikin taya.

Iska ce ke ɗauke da mota

Da can ƙafafun keke da na karusa na ƙarfe ne, ko na roba daskararriya. Cikin shekarar 1888 wani likitan dabbobi mai suna Dunlop, a birnin Belfast, ya ga ɗansa yana shan wahala a kan kekensa mai ƙafa uku. Ya yi masa taya mai iska a ciki. Wani mutum mai suna Thomson ya riga shi wannan dabara tun 1845, amma tasa ba ta karɓu ba. Daga keke abin ya koma kan mota.

Ku lura da wannan. Roba ba ita ke ɗauke da mota ba. Roba jaka ce kurum, kamar salka. Iskar da aka matse a ciki ita ke ɗauke da nauyin mota, da na mutane, da na albasa. Wurin da tayar ƙaramar mota ke taɓa ƙasa bai fi faɗin tafin hannun babban mutum ba. Tafi huɗu ke nan. Da su a ke taka birki, da su a ke shan kwana.

In iska ta yi yawa, taya ta kan kumbura a tsakiya. Sai tsakiyar kaɗai ke taka ƙasa, ta suɗe ta bar gefe. Mota ta riƙa tsalle a gargada, birki ya rage kamu, in ta faɗa rami kuma ta iya tsagewa. Wannan ɓarna ce, amma ba ita ta fi yawan kisa ba.

In iska ta yi kaɗan, taya ta kan baje. Duk juyawa ɗaya, gefenta ya lanƙwashe a ƙasa, ya miƙe a sama. Mota tana gudu, wannan lanƙwasa da miƙewa tana faruwa sau ɗaruruwa cikin minti ɗaya.

Malamin aji ya kawo guntuwar waya. Ɗayanku ya riƙe ta, ya lanƙwasa, ya miƙar, ya lanƙwasa, ya miƙar, da sauri. Yanzu ya taɓa wurin lanƙwasar. Zai ji zafi, ko da a inuwa ya ke zaune. In ya ci gaba, wayar za ta katse. To, a cikin tayar mota akwai wayoyi da zare da aka manne da roba. Abin da ya sami wayar nan shi ke samun taya mai ƙarancin iska. Zafin daga cikinta ya ke fitowa. Robar ta saki wayoyin, sai ka ji tau.

Ragin iska da zafi

Yanzu mu komo ga direbanmu. Gaskiya ne zafi yana sa iska ta kumbura. Ku gwada da kanku. Ku sami gorar roba wadda ba kome a ciki, ku rufe bakinta tamau da asuba, ku ajiye ta a rana. Da azahar ku matsa ta. Za ku ji ta yi tauri. Da dare kuma ta koma yadda ta ke. Ba wanda ya ƙara mata iska, ba wanda ya rage.

Haka taya ta ke. In mota ta yi tafiya mai nisa, awon iskarta ya kan hau da lamba 4 ko 5. Masu yin taya sun san da haka, sun kuma yi ta da ƙarfin da za ta jure. Wannan hawan ba ciwo ba ne. In ta huce za ta sauko da kanta.

Ku ɗauko allo mu yi lissafi. A ce iskar da ta dace da motar 32 ce. Da safe an auna, 32 daidai. Da azahar a Achida geji ya nuna 37. Direba ya tsorata, ya rage 5, ta koma 32. Ransa ya yi fari. Da dare taya ta huce, 5 ɗin da zafi ya ƙara ta tafi. Gari ya waye. Nawa ta rage? 32 a ɗebe 5, saura 27.

Ran nan ya ɗora lodi a kan 27. Tayar ta fi jiya bajewa, saboda haka ta fi jiya zafi. Da azahar ya taɓa ta, ya ji kamar garwashi, ya ce a sake ragewa. Washegari ta tashi da 23 ko 22. Kun ga yadda abin ya ke. Maganin da ya ke ba ta shi ne ke ƙara mata cuta. Ba rana ce kaɗai ta fasa tayar nan ba. Tsinken yaron mota ya taimaka.

Saboda haka ba a rage iskar taya tana da zafi. In ka taɓa ka ji zafin ya wuce kima, nemi inuwa ka tsaya. Ka yi salla, ka ci abinci, ka bar ta ta huce. In ka tashi ka rage gudu. In lodi ya yi yawa ka rage lodi.

Lamba nawa ce daidai?

A nan ne karatun da ku ke koyo zai yi muku rana. Kamfanin da ya ƙera mota ya rubuta awon iskar da ya dace da ita. Buɗe ƙofar direba, ka duba jikin ƙarfen da ƙofar ke rufuwa a kai. Akwai 'yar takarda a manne. A wasu motoci tana cikin murfin tankin mai. Za ka ga lamba ta tayar gaba, da ta tayar baya. Sau da yawa akwai layi biyu: ɗaya na mota ba kaya sosai, ɗaya na mota cike. Layin mota cike ya fi yawa, musamman a baya.

Kusa da lambar za ka ga haruffa uku, PSI. Shi ne awon da masu faci ke nufi in sun ce talatin ko arba'in. Akwai wani awo kuma da a ke rubutawa BAR, wanda ya fi yawa a motocin da suka fito daga Turai. BAR 1 daidai ya ke da PSI 14 da rabi. Watau 2.2 a wancan awo kusan 32 ke nan a wannan. Kada ka ga 2.2 ka rikice. Yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 su ke. Manyan motoci irin su tirela su kan kai 100, har su wuce.

Akwai wata lamba a jikin tayar kanta, kusa da kalmar MAX. Ta kan zama 44, ko 51. Mutane da yawa suna zaton ita ce awon da za a sa. Ba ita ba ce. Ita iyaka ce, wadda ba a wucewa. Lambar ƙofa a ke bi. Mun sha ganin an tsaya wurin mai faci, ba a ce masa kome ba, ya buga wa kowace mota 45 ko 50, ya ƙwanƙwasa da ƙarfe ya ce ta yi. Kada ka ga laifinsa in kai ba ka faɗa masa ba. Karanta ƙofarka, ka ce masa, "Malam, gaba 32, baya 35." Ka tsaya ka ga allurar geji da idonka.

Ido ba ya auna iska. Shuri da ƙafa ma ba ya aunawa. Tayoyin zamanin nan suna iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na iskarsu, ka dube su ka rantse lafiyarsu lau. Ma'aikatan madatsar Goronyo ba sa tsayawa a bakin ruwa su ce, "Da alama ya cika." Akwai ma'auni mai lambobi, shi su ke karantawa su rubuta. Direba ma ya sayi gejinsa na kansa, ya ajiye a aljihun mota. Kuɗinsa bai kai kusa da na taya ɗaya ba. Gejin mai faci kuwa ya sha faɗuwa ƙasa, ya sha ƙura, wani lokaci ƙarya ya ke yi mai shi bai sani ba.

Yaushe a ke aunawa?

Da safe, kafin mota ta motsa, kafin rana ta bugi tayar. In ba haka ba, sai mota ta yi awa 3 tsaye a inuwa. Lambar da ke ƙofa ta taya mai sanyi ce.

Wani zai ce mai faci yana nesa, kafin a kai wurinsa taya ta ɗumama. Ga dabara. Auna a gida da gejinka. A ce ƙofa ta ce 32, kai kuwa ka sami 28. Ka san tana bin ka 4. Ka isa wurin mai faci, geji ya nuna 31 saboda ɗumi. Kada ka ce saura 1. Bashin 4 ne har yanzu. A ƙara 4, ta zama 35. Gobe da safe za ka same ta 32.

Taya lafiyayya ma tana rasa iska a hankali, misalin lamba 1 a wata. Sanyi kuma yana saukar da awo: duk saukar zafi da digiri 6, iska ta kan sauka da kusan lamba 1. Don haka in hunturu ya shigo, a sake aunawa, ko da ba a taka ƙusa ba. Mai motar gida ya auna ko sau biyu a wata. Mai motar haya kuwa, wanda ke lodi kowace kasuwa, mu a ganinmu kullum safe ya kamata ya auna, kamar yadda ya ke duba ruwa da baƙin mai. Kada a manta da safaya. Safaya marar iska kaya ce kurum. Mota mai tagwayen taya a baya, ta ciki ita a ke mantawa. In ta sace, ta waje ke ɗaukar nauyin biyu har ita ma ta gaji.

In wata taya ɗaya ce kullum ke sauka, akwai dalili. Shafa ruwan sabulu a bakin bawul, ko yawu ma. In ya yi kumfa, nan ne. A kuma riƙa mai da murfin bawul. Ƙurar ƙasarmu ta kan shiga ta hana shi rufuwa sosai.

Lodi da rairayi

Iska ba ta maganin lodin da ya wuce kima. A jikin taya akwai rubutu irin wannan: 195/65 R15 91H. Lambar 91 ita ke faɗin nauyin da tayar za ta iya ɗauka, watau kilo 615. In ka ga 95, kilo 690 ne. A cikin wannan nauyi har da na motar kanta. Buhun albasa ɗaya kuwa ya fi ƙaton namiji nauyi. In an wuce iyaka, ko an buga mata 60 ba za ta ɗauka ba. Manomi, kai ma da hannunka a nan. Kai ne ke cewa, "Haba direba, saura buhu uku, taimaka." Gara ka biya sawu biyu da a kwashe maka albasa a gefen kwalta.

Wuri ɗaya ne rage iska ke da amfani. In mota ta kafe cikin rairayi, irin na hanyoyin ƙauyukan Rabah da na bakin gulbi, a kan rage kaɗan don tayar ta baje ta hau kan yashi. Amma a tafi a hankali, in an fita kuma a mai da iskar kafin a hau kwalta. Wanda ba shi da famfo a mota kada ya soma.

Ga batun mai kuma. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke mai sacacciyar taya daga gona zuwa gida ya san yadda cinya ke gaya masa. Injin ma haka ya ke ji, sai dai shi da mai ya ke biya. Tun da aka janye tallafin mai cikin watan Mayu 2023, ba direban da ke da man zubarwa.

Fitilar da ke gaban direba

Wannan magana ba ta ƙasarmu kaɗai ba ce. A Amurka, cikin watan Agusta 2000, kamfanin Firestone ya janye tayoyi miliyan 6 da rabi daga hannun jama'a. Tayoyin suna ɓarewa mota tana gudu, yawanci a kan wata mota mai suna Ford Explorer. Fiye da mutum 200 suka rasu. Akwai aibu a ƙirar tayoyin, amma an lura haɗarin ya fi yawa a jihohi masu zafi, kuma awon da aka ce a sa wa motar 26 ne kurum. Irin wannan ya faru a Saudiyya ma. Sai gwamnatin Amurka ta yi doka. Daga watan Satumba 2007, kowace sabuwar ƙaramar mota sai tana da fitilar da za ta kama in iskar taya ta yi ƙasa.

Motoci da yawa da ke hanyoyinmu daga can aka kawo su. Fitilar ruwan ɗorawa ce, siffarta kamar 'yar tukunya da alamar motsin rai a ciki. Mun taɓa ganin wanda ya liƙe ta da takarda don ta dame shi. In ta kama a tsaya a auna. Amma kada a jira ta, domin ba ta kamawa sai iska ta sauka da misalin kashi ɗaya cikin huɗu. A wasu tsofaffin motoci ma ta lalace.

Akwai lamba ɗaya kuma da za ku koya. Tsohuwar taya ba ta jure zafi, ko an sa mata iska daidai. Nemi haruffan DOT a jikinta, ka bi layin har ƙarshe. Akwai lambobi huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 cikin shekarar 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana gargaɗin kada a yi aiki da tayar da ta wuce shekara 4. Mai sayen tayar gwanjo ya duba nan kafin ya duba zanenta.

Aikin wannan mako

1. Ƙofar mota ta ce 33. Da safe geji ya nuna 27. Nawa za a ƙara?
2. Da safe taya tana 35. Da azahar ta nuna 40. Direba ya rage 5. Nawa za ta nuna gobe da safe?
3. An rubuta 0821 a jikin taya. A wace shekara aka yi ta?
4. Ran kasuwa kowa ya je tasha, ya gai da wani direba da ladabi, ya roƙe shi ya buɗe masa ƙofa. Ya kwafo lambobin takardar nan a littafinsa, na gaba da na baya. Wanda ya tarar an ɓanɓare takardar ya rubuto sunan motar, mu nemo masa awonta. A kawo ran Litinin bayan la'asar.